Sunanta a Kan Laifin Wani

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

'Yata ce ta kawo mini wannan littafin, wai likita ya ce masu hawan jini su riƙa rubuta abin da suka gode wa Allah a kansa kowace rana. Na ce mata a zamaninmu ƙwaya ake ba mara lafiya, ba aikin gida ba. Ta ajiye shi a kan tebur ta koma gidanta. To, ga shi na buɗe.

Na gode yau an tuna ina raye. Shekara bakwai ke nan ina zaune a ɗakin baya na kamfaninmu, tsakanin injin buga takardu da ƙofar banɗaki, ina kula da manhajar da wata makarantar sakandare ke shigar da makin jarrabawa a cikinta. Ni na rubuta ta da hannuna. Ba mai leƙo ni sai in wani ya manta lambar sirrinsa. Ni da na zo na ɗaya a ajinmu na jami'a. Wanda ya zo na goma sha tara, yanzu direba ke buɗe masa ƙofar mota.

Yau kuwa mai kamfani da kansa ya tako har teburina. An taɓa makin ɗalibai goma sha huɗu na ajin ƙarshe, an ɗaga waɗanda suka faɗi lissafi. Makaranta na son sanin hannun wa ne. Ko minti biyar ban yi ba na fitar musu, domin manhajata na rubuta sunan duk wanda ya canza wani abu, da ranar, da lokacin. Layi goma sha huɗu, daƙiƙa ɗaya, suna ɗaya: malamar kimiyya, wadda kuma ita ce malamar ajin.

Na rubuta wasiƙa na sa hannu, cewa abin da na'ura ta rubuta ba ya karɓar gardama. Mai kamfani ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsohon hannu ke nan." Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malamar ta zo ofis. An dakatar da ita tun jiya, kwamitin makaranta zai zauna ranar sha tara ga wata ya yanke ko a kore ta. Na zaci zan ga mai ido a tsakar ka. Sai ga mace 'yar siririya, da alli a gefen hannun rigarta, tana riƙe da jaka kamar za a ƙwace mata.

Ta gaishe ni har ƙasa. Ta ce, "Baba, an ce kai ne mai na'urar. A wancan lokacin ina ɗakin malamai ina shigar da makin kimiyya na aji biyu. Wallahi ban buɗe shafin lissafi ba."

Na ce, "'Yata, wa kika ba lambar sirrinki?"

"Ko mijina bai san ta ba."

"To ai kin ga. Na'ura ba ta san ki ba, ba ta da ƙiyayya da ke."

Ta ƙara rungume jakarta. Can ta ce, "Ba za ka ƙara dubawa ba, Baba? Ko sau ɗaya?"

Na ce na duba. Na ba ta ruwa ta sha, ta ce Allah ya ƙara girma, ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin godiya: bas ɗin yamma bai cika ba, na sami kujera.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ƙara dubawa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Shayi ya huce a gabana. Mai ɗakina ta ɗauke ta sake ɗumamawa, ta dawo ta zauna ta zuba mini ido. Shekara talatin da huɗu muna tare, na san wannan kallon. Na ce mata aiki ne, ba za ta gane ba. Ta ce, "Ai kai malami ne da. In ban gane ba laifin malamin ne."

Sai na yi mata bayani, kuma bari in rubuta yadda na faɗa, don tun da na bar koyarwa ban yi bayani mai kyau haka ba.

Manhajar sashe biyu ce. Akwai sashen gaba, kamar mai zama a teburin karɓar baƙi. Duk wanda ya latsa wani abu a shafi, buƙatarsa nan take fara zuwa, kuma a jikin buƙatar akwai sunan mai ita. Sai sashen ajiya, kamar mai tsaron sito a can baya, shi ke rubuta maki a rumbu. Shi ba ya ganin baƙo, ba ya ganin buƙata. In ana so ya rubuta wanda ya yi canji, dole na gaba ya miƙa masa sunan hannu da hannu, tare da aikin.

Wuraren miƙawar kuwa arba'in da ɗaya ne. Shekara bakwai da suka wuce na ce wannan wahalar ta marasa basira ce. Sai na kafa allo ɗaya a bango, wanda kowa ke iya gani. Buƙata na shigowa, na gaba ya goge allon ya rubuta sunan mai ita. Na sito in zai ajiye, sai ya ɗaga kai ya kwafi abin da ya gani. Layi tara kacal. Har nuna wa mutane na riƙa yi.

Mai ɗakina ta ce, "To in baƙi biyu suka shigo tare fa?"

Ko numfashi ba ta ja ba kafin ta tambaya. Matar da ta tsaya a aji uku na sakandare.

Na ce a lokacin ba sa shigowa tare. Tsohuwar sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, ɗaya bayan ɗaya take sallamar mutane. Bara aka mayar da mu kan wata mai ƙarfi, mai sallamar mutum da yawa a lokaci guda.

Ta ce, "Allon kuma yana nan guda ɗaya."

Na ce yana nan.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zato ba hujja ba ne, na gaya wa kaina. Wataƙila ba zai taɓa faruwa ba. Ina da kwafin manhajar a kwamfutata, sai dai gwajin na buƙatar hannu biyu. Na buɗe wa mai ɗakina suna a ciki, na haɗa wayarta, na nuna mata inda za ta latsa. Muka zauna a kan tabarma a falo, tana riƙe da wayar nesa da fuskarta don ta ƙi sa tabarau.

"Ɗaya, biyu, uku!"

Ba komai. Sunana a kan aikina, nata a kan nata. Muka sake. Muka sake. Wajen karo na ashirin na fara jin sanyi a raina, har na ce mata ta je ta duba tukunyarta. Ta ce, "Zauna, Malam. Kai kake riga ni, don ba ka so ya fito. Bari ni in ƙirga."

Ta ƙirga. A karo na talatin da ɗaya na canza makin wani ɗalibin ƙarya daga talatin zuwa saba'in, na duba rumbu, sai ga sunanta a kai.

Ta yi dariya har da tafi. "Yau ni ce ɓarauniyar maki! A kira kwamiti!" Sai ta kalli fuskata, dariyar ta tsaya. Ta ajiye wayar a hankali ta ce, "Yarinyar nan tana da 'ya'ya?"

Na ce ban tambaya ba.

Na gode da matar nan. Ban taɓa rubuta haka a ko'ina ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban faɗa ba. Injin buga takardu ya cije takarda, na yini ina ciro ta.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban faɗa ba.

Akwai abin da ban rubuta ranar Asabar ba. Shugabar sashenmu, wadda kowa ke kira Injiniya, ɗalibata ce a kwalejin fasaha. Ni na koya mata rubuta layinta na farko. Shekara uku da suka wuce ta karanta waɗannan layuka tara ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, wannan allon naka yana ba ni tsoro. Me zai hana mu riƙa miƙa sunan daga gaba?" A gaban ma'aikata huɗu na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Aka yi dariya. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Yanzu ita zan je in gaya wa.

Duk abin da ya rage mini a duniyar nan shi ne a ce aikin Malam ba ya kuskure. Ba gida na kirki, ba muƙami. Wannan kaɗai.

Abin godiya: babu. To, ƙafata ba ta kumbura yau ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mai ɗakina ta riga ni tashi. Ta goge mini farar rigata ta zuwa taro ta rataye a ƙofa, alhali ba ni da taro. Saura kwana bakwai kwamiti ya zauna.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na faɗa.

Na shirya jawabi a bas, mai gabatarwa da kammalawa. Da na shiga ofishin Injiniya sai duk ya gudu. Na ajiye kwamfutar a gabanta, na nuna mata layin da sunan matata ke kai. Na tsaya ina jira ta ce ai na gaya maka. Na ma riga na shirya yadda zan haɗiye.

Ta karanta, ta cire tabaranta ta murza idonta. Ta ce, "Malam, zauna mana. Ka ci abinci yau?"

Na ce ba abinci ya kawo ni ba.

Ta ce, "Ni na mayar da mu kan sabar nan bara, ina sane da allon, ban koma na duba ba. Tsoron bakinka ne ya hana ni, kuma wannan ba uzuri ba ne. Kayan namu ne mu biyu." Ta jawo kujera kusa da tata. "Wurare nawa ne?"

"Arba'in da ɗaya."

"Kai ka ɗauki ashirin, ni ashirin da ɗaya, tunda ni ce yarinya."

Wannan kaɗai ta rama da shi. Na cancanci fiye da haka. Na juya ina kallon kalandar bango na ɗan lokaci, ita kuma ta yi kamar tana neman biro.

Na koyar da ɗalibai sun fi dubu. Na sha cewa asarar alli na yi. Na janye, aƙalla a kan guda ɗaya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai kamfani ya saurare mu yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce, "Madalla. Ku gyara shiru, a wuce wurin."

Na ce, "Malamar fa, Yallaɓai?"

"Makarantu sun ƙare ne? Za ta sami wata. Malam, in ka je ka ce manhajarmu na liƙa wa mutane laifi, wa zai ƙara yarda da mu? Da girmanka za ka je ka tsaya gaban kwamiti ka ce ka yi shirme?"

Ya san inda ke mini ciwo, nan ya danna. Allah ya sani na fara lissafin hanyar fita. Sai Injiniya ta ce, "Yallaɓai, sa hannun Malam ne a wasiƙar, ba na kamfani ba. Wanda ya sa hannu shi ke da ikon janyewa. Ni dai zan kai shi a motata."

Ya ce duk wanda ya je, ya je da ƙafarsa. Ya fita bai rufe ƙofa ba.

A kan matakala na ce mata ba sai ta jefa kanta a ciki ba, tana da yara a makaranta. Ta ce, "Shi ya sa."

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mun cire allon. Yanzu sashen gaba na ciro sunan daga jikin buƙata ya miƙa wa sashen ajiya tare da aikin, kowane aiki da sunan mai shi, kuma in ba suna sashen ajiya ba zai karɓa ba. Aiki ne mai gundura, irin na ɗinke maɓallai. Kwana biyu ya ci mana. Kwana biyu! Don gudun wahalar kwana biyu na yi abin da na yi.

Na gama ashirin ɗina kafin ta gama nata. Ta duba ta samo mini kuskure biyu. Na ce na gode. Bakina bai fashe ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sabar tana da nata rajistar, ta duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da kuma daga wace kwamfuta. Ba ta bi ta allona, don haka ba ta gurɓace ba. A waccan daƙiƙar buƙatu biyu ne suka shigo. Ɗaya daga ɗakin malamai, shafin kimiyya na aji biyu, daidai yadda ta faɗa. Ɗayar daga wani ofis a makarantar, shafin lissafi na ajin ƙarshe.

Na san ofishin. Na taɓa shan shayi a cikinsa. Ba zan rubuta a nan ba, kuma gobe ma lambar kwamfutar kawai zan ba su. Na riga na nuna mutum ɗaya da yatsa a watan nan, ya ishe ni.

Wannan rajistar tana nan tun ranar uku ga wata. Minti goma ne dubawarta.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

A ɗakin karatu na makarantar aka zauna, mutum biyar a bayan dogon tebur, ita kuma a kujera ita kaɗai a gefe, da jakar nan a cinya. Shugaban kwamitin tsohon alƙali ne mai ritaya. Ya ɗaga wasiƙata ya ce, "Wannan sa hannunka ne?"

Na ce nawa ne, kuma na zo in janye shi.

Na yi bayanin teburin baƙi da sito da allo. Wata mata a cikinsu ta ce ita ba ta gane ba, in ƙarya na'ura ke yi me ya sa ba ta yi kullum. Injiniya ta ce gani ya kori ji. Ta kunna tsohon kwafin, ta ba matar waya ɗaya, ta ba alƙalin ɗaya, muka zaɓi aji mai yawan ɗalibai don ajiyar ta ɗan ja lokaci.

Sau shida ba abin da ya faru. Gumi ya jiƙa farar rigar. Wani a ƙarshen tebur, wanda ban so in kalla ba, ya ce ana ɓata wa mutane lokaci. Ban taɓa roƙon Allah ya tona asirin aikina ba sai yau.

A na bakwai matar ta ɗaga maki, sunan alƙalin ya fito a kai.

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Ya ce, "Shekara talatin ina yanke hukunci, yau ga ni a cikin masu laifi." Ba wanda ya yi dariya sai shi. Ya karɓi takardar rajistar, ya karanta lambar kwamfutar, ya ninke ta ya sa a aljihu. Sa'an nan ya juya ga malamar ya ce ta koma ajinta gobe, kuma kwamiti na ba ta haƙuri.

Ba ta yi kuka ba. Ta dai sauke jakar ƙasa.

Ni ba ta kalle ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

An ce in huta a gida zuwa ƙarshen wata. Na san ma'anar hutu. Na yi barci har rana ta fito, rabona da haka na manta.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Jiya da yamma malamar ta kira ni. A wurin Injiniya ta karɓi lambata. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Baba, ba wannan ya sa na kira ba. Mahaifina ne. Tun da abin nan ya faru bai fita ƙofar gida ba, shi da kullum yana kan benci da abokansa. Na kai masa takardar kwamiti, ya ce takarda ce ta kashe ni, ba zai yarda da takarda ba. Ya ce sai ya ga mutumin."

Yau na je. Bas biyu, sai tafiyar ƙafa ta bayan wani gidan mai. Layi ne matsattse, da shagon tela da na mai gyaran rediyo, da dogon benci a gindin bango, tsofaffi huɗu a kai. Suka amsa sallamata suna auna ni da ido.

Na zaci ciki za a shigar da ni. Sai ga shi ya fito da sanda, dogo, ya sa hula da riga mai guga, 'yarsa na biye da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai miƙo hannu ba.

"Kai ne mai na'urar?"

"Ni ne, Baba." Na ce masa Baba, alhali bai fi ni da shekara goma ba.

"To, me ka zo da shi?"

Na matsa kusa na rage murya. Na ce 'yarsa ba ta taɓa makin kowa ba, kuskurena ne ya sa sunanta a wurin.

Ya kama kunne ya karkato. "Me ka ce? Kunnen ya tsufa."

Na ɗaga murya na maimaita. Tela ya tsayar da kekensa.

"Kuskuren wa?"

"Nawa! Ni na yi kuskure, na kuma sa hannu a kai! 'Yarka ba ta da laifi!"

Har mai gyaran rediyo ya leƙo. Wata mata ta buɗe taga a sama. Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa da ƙarfin da ban zata ba. Daga nan ya taka zuwa bencin, ya taɓa ƙafar ɗaya daga cikinsu da sanda ya ce, "Matsa, kai. Wurina ne nan." Suka matsa. Ya ce su ƙara matsawa, akwai baƙo.

Na zauna da su kusan awa guda. An kawo shayi. An yi gardama a kan ƙwallo, wadda ban san komai a kanta ba, amma na ba da ra'ayi.

Da za ni tafi ta raka ni bakin titi. Na ce mata akwai likitan kunne mai kyau kusa da ofishinmu, in tana so in karɓo musu lamba.

Ta dube ni, karo na farko tun ranar da na ba ta ruwa. Ta ce, "Baba, mutumin da ke jin an buɗe kwalbar sukari daga ɗaki na uku?"